Salsala da Dajin Hanji na Gado: Aikin Likita Henry Lynch da Rabon Mai Nazarin Hausa a Cikinsa

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin ganin maganar ciwon hanji a cikin takardun da aka saba cika su da nahawu da waƙa da karin harshe. Dalilin kawo ta shi ne, akwai wani irin ciwon daji na babban hanji wanda ke bin dangi, kuma likitan da ya fi kowa shan wahala wajen tabbatar da haka, watau Henry Lynch na ƙasar Amurka, ya yi shekara wajen 30 ba shi da wani kayan aiki da ya wuce tambaya da alƙalami da tsofaffin takardun asibiti. Ya kan tambayi mutum wane ne ubansa, wace ce uwarsa, me ya kashe su, suna da shekara nawa. Har yau ɗin nan da aka sami injunan auna jini, da wannan tambaya a ke farawa. Tambaya kuwa da harshe a ke yin ta. Idan majiyyaci daga Maigatari ko Sule Tankarkar ya zauna gaban likita a Kano, abin da zai shiga takarda ya rataya ne a kan yadda su biyun suka fahimci kalmomi irin su basir da daji da gado da ɗan'uwa. Ta nan ne maganar ta shigo gonarmu.

Bari mu fara da bayanin ciwon a taƙaice. Babban hanji shi ne yanki na ƙarshe na hanyar abinci, tsawonsa wajen mita ɗaya da rabi, ya ƙare a dubura. Daji ba ya faɗa masa dare ɗaya. Yawanci wani ɗan tsiro ne ya kan fito a bangon hanjin ta ciki, ba zafi ba raɗaɗi, ya zauna shekara wajen goma kafin ya rikiɗe ya zama daji. In an cire shi tun yana tsiro, magana ta ƙare. Likitoci suna da wata na'ura, doguwar mesa mai laushi da fitila da kyamara a bakinta, wadda a ke zurawa ta dubura a duba hanjin duka, in an ga tsiro a tsinke shi nan take. Sunan aikin kolonoskofi, amma a takardan nan zan riƙa cewa leƙen hanji. Shi kuwa gwada mutum yana cikin ƙoshin lafiya, tun bai ji kome ba, Turawa suna kiransa da wata kalma wadda a ke kuma kiran rariya da ita, watau a zuba jama'a a rairaye, a fid da waɗanda ke cikin haɗari. Mu sai mu ce binciken rigakafi. A Amurka tun 2021 shawarar da a ke bayarwa ita ce kowa ya fara shi yana da shekara 45.

Ba Lynch ne ya fara lura da cewa ciwon ya kan bi jini ba. Cikin 1895 wani malamin likita a Jami'ar Michigan, Aldred Warthin, ya ga matar da ke yi masa ɗinki tana cikin baƙin ciki, ya tambaye ta dalili. Ta ce ta tabbata daji ne zai kashe ta tun da sauran ƙuruciyarta, gama haka ya yi wa danginta, waɗansu a hanji, waɗansu a tumbi, mata kuwa a mahaifa. Haka kuwa aka yi, dajin mahaifa ya zama ajalinta. Ita ce ta taimake shi ya tsara salsalar gidansu, ya buga ta cikin 1913, ya sa wa gidan suna Dangin G, sabo da kakansu daga Jamus ya yi ƙaura. Aka karanta, aka ajiye.

An haifi Lynch cikin 1928. Ya yi aikin sojan ruwa tun yana saurayi, ya yi dambe don neman abinci, sa'an nan ya koma karatu, ya taɓa ilmin gadon halitta kafin ya gama likitanci cikin 1960. Cikin 1962, yana ƙaramin likita a Omaha ta jihar Nebraska, aka kira shi ya ga wani mashayin giya. Mutumin ya ce shi shan da ya ke yi na fid da rai ne, domin kowa a gidansu daji ke kashe shi, shi ma jira ya ke. Da wani likitan ne, da sai ya ɗauka sambatun maye ne. Lynch ya zauna ya rubuta sunaye. Shi da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Anne Krush, suka bi dangin gida gida, suna neman takardun asibiti da na shaidar mutuwa, don kada su dogara ga faɗar baki kaɗai. Cikin 1966 ya buga labarin dangi biyu, na Nebraskan nan da wani na Michigan wanda likita Marjorie Shaw ta gano. Cikin 1971 kuma shi da Krush suka koma kan Dangin G, waɗanda a lokacin suka haura mutum 650.

Manyan masana na zamanin ba su yarda ba. Suka ce ai dangi abinci ɗaya su ke ci, ruwa ɗaya su ke sha, gona ɗaya su ke nomawa, ko kuwa dai dacewa ce kawai, tun da daji ciwo ne mai yawa a ƙasarsu. Cikin 1970 ya nemi kuɗin bincike daga hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, aka hana shi. A ganina musun nan ba na banza ba ne, kuma duk wanda zai yi irin wannan aiki a ƙasarmu, inda gida guda ke cin tuwo daga tukunya ɗaya, lalle zai gamu da shi. Abin da Lynch ya riƙe hujja shi ne kamannin ciwon a cikin salsala. Yana kama mutane wajen shekara 45, alhali kuwa ga sauran jama'a sai an haura 60. Ya fi tsirowa a ɓangaren dama na hanji. Mutum ɗaya ya kan yi daji biyu dabam dabam. Yana sauka daga iyaye zuwa 'ya'ya zuwa jikoki, maza da mata, kuma reshen da ya fito daga wanda bai gaji abin ba sai ya zauna lafiya, ko da a gari ɗaya su ke. Daga 1967 ya zauna a Jami'ar Creighton a Omaha, yana tara salsalar dangi har ya rasu ran 2 ga Yuni, 2019. Tun cikin 1984 waɗansu likitoci biyu, Boland da Troncale, suka sa wa ciwon sunansa.

Cikin 1990 masana suka taru a Amsterdam suka tsai da ƙa'idar gane irin waɗannan dangi, aka buga ta cikin 1991. Ga ta: a sami mutum uku masu dajin hanji a dangi, ɗayansu ya zama uba ko uwa ko ɗa ko shaƙiƙin sauran biyun, ciwon ya taɓa tsara biyu a jere, kamar uba da ɗa, kuma ɗaya daga cikinsu ya kamu kafin shekara 50. Cikin 1999 aka faɗaɗa ta aka shigar da dajin mahaifa da na ƙaramin hanji da na hanyar fitsari. Mai karatu ya riƙe wannan ƙa'ida, za mu komo kanta.

Sai cikin 1993 da 1994 aka gano musabbabin abin, ta hannun ƙungiyoyin masana a Finland da Amurka, irin su Albert de la Chapelle da Bert Vogelstein da Richard Kolodner. Jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana, kowace tana ɗauke da rubutaccen umurnin halitta, da haruffa iri huɗu kacal, amma jimlarsu ta kai wajen miliyan dubu uku. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu sai an kwafe rubutun nan duka. Wanda ya taɓa aiki da tsofaffin takardun ajami ya san inda mai kwafe ya fi yin tuntuɓe, watau wurin da harafi ko kalma ta maimaitu, ido ya tsallake ɗaya ko ya ƙara ɗaya. Haka abin ya ke a cikin ƙwaya. Don haka akwai waɗansu masu duba da ke bin bayan mai kwafe suna gyara, kuma umurnin yin su yana cikin ƙwayoyin gado huɗu da a ke kira MLH1 da MSH2 da MSH6 da PMS2. Kowane mutum yana da biyu biyu na kowannensu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai ciwon Lynch ya gaji ɗaya a lalace. Ɗayan yana aiki, shi ya sa a ke haihuwarsa lafiya lau, ya girma lafiya lau. Amma ranar da na biyun ya lalace a wata ƙwaya ta hanji, ba sauran mai gyara, kurakurai su yi ta taruwa, tsiron da zai ɗauki shekara goma ya rikiɗe cikin shekara biyu ko uku. In an auna naman dajin sai a tarar wuraren maimaicin nan sun hargitse, waɗansu sun ƙaru waɗansu sun ragu. Zan kira wannan alamar tuntuɓen kwafi. Cikin 2000 aka sami lalacewar MSH2 a jinin zuriyar Dangin G, shekara 105 bayan maganar mai ɗinkin nan.

A ƙasashen Turawa ciwon Lynch shi ke jawo wajen 3 cikin 100 na dajin babban hanji, kuma an ƙiyasta wajen mutum 1 cikin 300 yana ɗauke da shi, yawancinsu ba su sani ba. Ba dukan mai ɗauke da shi ke kamuwa ba. Ga masu MLH1 da MSH2 wajen rabi ne, ga sauran biyun bai kai haka ba. Akwai kuma wani ciwon hanji na gado dabam, wanda tsiro ke fitowa ɗari ɗari tun mutum yana saurayi, wanda asibitin St Mark's na London ke riƙe da rajistar danginsa tun 1924. Ba shi ne abin maganarmu ba.

To, mene ne amfanin sani? Amsar ta fito daga Helsinki. Likita Heikki Järvinen da abokan aikinsa suka bi dangi 22 har shekara 15, suka buga sakamako cikin 2000. Mutum 133 sun yarda a riƙa leƙa hanjinsu bayan kowace shekara uku, mutum 119 ba a yi musu ba. A cikin na farko 8 suka yi daji, ba wanda ya kashe. A cikin na biyu 19 suka yi, ya kashe 9. Gaskiya ne ba ƙuri'a aka jefa wajen raba su ba, sabo da haka mai tsananin bincike yana da abin cewa, amma ratar ta yi faɗin da ba a iya kau da kai. Yau shawarar da a ke ba masu MLH1 da MSH2 ita ce leƙen hanji kowace shekara ɗaya ko biyu, tun daga shekara 20 zuwa 25. Akwai kuma gwajin John Burn na Newcastle a Ingila, inda aka raba mutum 861, waɗansu suka sha asfirin kullum, waɗansu ƙwayar banza. A rahoton 2020, mutum 40 cikin 427 masu asfirin suka yi dajin hanji, 58 cikin 434 a ɗaya ɓangaren. Amma fa wannan sai da likita, gama asfirin ya kan tsananta gyambon ciki ya jawo zubar jini.

Yanzu mu komo gida. An daɗe ana cewa dajin hanji ciwon Turawa ne. Denis Burkitt, likitan da ya yi aiki a Uganda, ya rubuta cikin 1971 cewa ƙarancinsa a ƙauyukan Afirka daga cin hatsi da dusarsa ne. Labudda bai kai yawan na Turai ba, amma yana nan, kuma likitocinmu sun lura yana kama mutane da wuri. Cikin 2005 Edino da Mohammed da Ochicha suka buga nazarin majiyyata 50 a Kano, matsakaicin shekarunsu bai kai 50 ba. Wanda ya fi zurfafa bincike a Nijeriya shi ne Olusegun Isaac Alatise, likitan fiɗa a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, wanda shi da Peter Kingham na asibitin Memorial Sloan Kettering a New York suka kafa ƙungiyar binciken daji mai suna ARGO cikin 2013. Cikin 2021 suka auna naman daji na 'yan Nijeriya 64, suka sami alamar tuntuɓen kwafi a 28 cikin 100, alhali a asibitin New York ba ta kai 9 cikin 100 ba. A nan sai a yi hattara. Alamar ba ita ce ciwon Lynch ba, domin ta kan samu ba tare da gado ba, musamman ga tsofaffi. Kuma mutum 64 daga kudu maso yamma ba su isa a yanke hukunci da su a kan ƙasar Gumel ba. Abin da ta nuna shi ne akwai dalilin neman ciwon a nan, ba a bar shi ga Turawa ba.

Sun kuma gwada binciken rigakafi mai araha, watau neman ɓoyayyen jini a bayan gida. A rahotonsu na 2022, mutum fiye da 2,000 a Osun da Kwara da Legas suka kawo samfur, wajen 1 cikin 5 aka ga jini, amma cikin waɗanda aka leƙa hanjinsu, su kusan 300, mutum 3 kaɗai ke da daji. Watau rariyar tana tare tsakuwa da yawa kafin a sami abin nema, kuma kowane leƙe kuɗi ne da tafiya. Ƙasar da na'urar leƙen hanji ta taru a manyan asibitocin birni, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ba ta iya leƙa kowa. Tilas ta zaɓa. Ba kuwa wata hanyar zaɓe da ta fi tambayar salsala araha.

Ga inda harshe ya shigo, kuma zan fara da basir. Kalmar aro ce daga Larabci, kuma a wurin likita tana nufin kumburin jijiyoyin dubura kawai. A bakin jama'a kuwa ta yi faɗi ƙwarai. Wanda ya tsaya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya saurari masu tallar magani da lasifika zai ji an jera basir mai tsiro da basir mai jini, a haɗa da taurin bayan gida da ciwon baya da kumburin ciki da raunin mazakuta, duk a ƙarƙashin suna ɗaya. To, alamun dajin ƙarshen hanji su ne jini, da canjin yadda bayan gida ke fita, da yawan nishi ba abin da ya fito, da rama. Ba ko ɗaya da bai shiga buhun basir ba, abin da ya saura kuwa atuni ya kwashe. Ɓarnar da wannan ke yi iri biyu ce. Ta farko kowa ya san ta, mutum ya shekara yana shan jiƙo, sai hanji ya toshe a kai shi asibiti. Ta biyu ita ce ta fi shafar maganarmu, watau tarihin dangi ya ɓace. In ka tambayi ɗa abin da ya kashe ubansa, ya ce basir ne, ko ciwon ciki, ko ya ce kwana ne ya ƙare. Basir na gaskiya da wuya ya yi kisa. Sabo da haka in an ce basir ya ramar da magidanci ɗan shekara 40 har ya kai shi kushewa, bai kamata mai tambaya ya rubuta basir ya wuce ba. Alatise da abokansa sun nuna cikin 2018 cewa a cikin 'yan shekara 45 zuwa sama masu zubar jini ta dubura, wanda ya haɗa da rama da canjin bayan gida shi ya fi zama mai daji. Waɗannan abubuwa ne da dangi ke iya tunawa ko da ba su san sunan ciwon ba, in an tambaye su da siffa maimakon suna.

Kalmar daji ita ma ba ta taimaka ba. A fahimtar yawancin mutane daji abu ne da a ke gani, kumburi ko gyambon da ya ƙi warkewa a ƙafa ko a nono, kuma ga camfin nan da ya bazu cewa daji ba ya son allura ko wuƙa. Abin da ke cikin ciki, ba a gan shi ba, ba a cika kiransa daji ba. Wanda aka tambaya ko an taɓa daji a danginsu ya ce a'a, ba ƙarya ya yi ba.

Sai gado. Bahaushe ya san halin gado da ciwon gado, amma in an ce gado abin da ya fara zuwa zuciyarsa shi ne rabon dukiyar mamaci, wadda a ke rabawa bayan mutuwa, kowa ya sami kaso, namiji ya ɗauki ninkin na mace. Gadon ƙwayar nan ya saɓa wa wannan ta kowace fuska. Tun ranar shigar ciki a ke yinsa. Ba a gutsura shi, ko ka ɗauka duka ko ba ka ɗauki kome ba. Mace da namiji daidai su ke, kuma uwa tana ba da shi kamar yadda uba ke bayarwa. Da na gwada wa ɗalibaina cewa rabi ne, sai waɗansu suka ɗauka in 'ya'ya huɗu ne to biyu za su gada, in biyun farko sun kamu na baya sun tsira. Ba haka ba ne. Kowace haihuwa da tata ƙuri'a, ana iya samun huɗun duka, ana iya rasa ko ɗaya. Akwai kuma ruɗani da sikila, wadda jama'a suka fi sani yanzu, musamman tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure cikin 2024. Sikila sai uwa da uba sun haɗu a kai; ciwon Lynch ɗayansu ya isa. Auren zumunci ba shi ke kawo shi ba, barinsa kuma ba ya kore shi. Sai dai in ma'aurata biyu suna ɗauke da lalacewa a ƙwaya iri ɗaya, yaro na iya gadon biyun duka ya yi daji tun yana ƙarami, abin da ba a cika gani ba.

Amma babbar matsala tana ga sunayen dangantaka. Ƙa'idar Amsterdam ta tsaya ne a kan bambanta shaƙiƙi da wanda ba shaƙiƙi ba, Hausar yau da kullum kuwa da gangan ta ke shafe wannan bambanci, domin ladabi ne. A ɗauki misali. Likita ya ce, "Malam, akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo a gidanku?" Majiyyaci ya ce, "Ranka ya daɗe, babanmu ya yi shi, da wana." Likita ya rubuta da Ingilishi cewa uba da ɗan'uwa, ƙa'ida ta cika. Nan kuwa mai yiwuwa baban nan wan uba ne da ya riƙe shi, wan kuma ɗan wani baffa ne, ko agola, ko wanda suka sha nono ɗaya. A rubuce ma abin ya fi rikicewa, gama baba mai nufin uba da baba mai nufin gwaggo karin sauti ne kaɗai ya raba su, boko kuwa ba ya nuna shi. Kaka tana ɗaukar mutum huɗu, maza da mata, har da 'yan'uwansu. Kuskuren yana iya juyawa ta ɗaya gefen, wanda ya fi muni. Majiyyaci ya ce babu, domin an ce gidanku, gida kuwa na uba ne. Uwarsa ta fita tun yana yaro, ta yi aure a wani gari, ta rasu da zubar jini tana da shekara 45, ɗanta na can ma ya rasu da ciwon ciki, kawunsa haka. Duk ba su cikin gidansu. Ciwon mahaifa kuwa ba abin da uwa ke faɗa wa ɗanta namiji ba ne, kunya ta hana. Wanda ke son wannan labari sai ya nemi tsofaffin mata, inna ko gwaggo, kuma mace ta yi tambayar. A lura kuma dajin cikin mahaifa a ke nufi, ba na bakin mahaifa ba, wanda ƙwayar cuta ke jawowa, ba gado ba.

Ba na cewa Hausa ta gaza. Kalmomin suna nan, sai dai ba a asibiti su ke ba, suna zauren malaman rabon gado. Malamin fara'ili ba ya karɓar ɗan'uwana haka kawai, sai ya tambaya shaƙiƙi ne, ko li'abi, ko li'ummi. Mata kuma suna da nasu: uwa ɗaya uba ɗaya, ciki ɗaya, ɗaki ɗaya, 'yan uba. Ba wanda ke jin an ci mutuncinsa in an tambaye shi haka a wurin rabon gado, don ya san dalili. Bal ma gidan mai mata da yawa ya fi gidan Bature bayyana wa mai bincike gaskiya. In abin daga maigida ya ke, zai ɓulla a ɗakuna dabam dabam. In daga mace ɗaya ne, zai tsaya a ɗakinta, ya kuma bi ta zuwa gidan da ta haihu kafin nan ko bayan nan. Lynch ya ci ribar manyan iyalan manoman Nebraska. Namu sun fi nasa girma. Abin da ya rage shi ne a tsara takardar tambaya da Hausa tun daga tushe, ba fassarar ta Ingilishi ba, wadda za ta fara da wadda ta haife ka da wanda ya haife ka, ta bi kowane ɗaki, ta tambayi siffar ciwo da tsawon jinya. Shekarun mamaci ma sai an bi da dabara, a tambaya ko ya aurar da 'ya, ko ya yi furfura, ko kafin sarautar wane ne. Wannan aiki ne da sashen Hausa da makarantun koyon aikin lafiya za su iya yi tare, malaman kwalejojin horon malamai kuma su ne suka san karin harshen kowane yanki.

Akwai abin koyi a Afirka ta Kudu. Tun cikin shekarun 1990 masana na Jami'ar Cape Town, Raj Ramesar masanin gado da Paul Goldberg likitan fiɗa, suka bi waɗansu dangi a lardin Northern Cape, ƙasa mai fari da nisan garuruwa, waɗanda suka gaji lalacewar MLH1 iri ɗaya. Maimakon su jira mutane su yi doguwar tafiya, sai suka riƙa ɗaukar na'urar leƙen hanji a mota suna zagaya ƙananan asibitoci shekara shekara. Ƙasar Gumel tana da wata wahala da ta ƙaru a kan nisa. Dangi ɗaya ya kan rabu tsakanin Maigatari da Dungas ko Magarya a Nijar. Wa ya yi jinya a Kano a rubuta da Ingilishi, ƙane ya yi a Damagaram a rubuta da Faransanci, takardun biyu ba za su taɓa haɗuwa ba. Abin da ya haɗa su Hausa ce kaɗai, a bakin dangi.

Saura magana ɗaya, ita ce yadda za a faɗa wa mutane. A Amurka abin da dangin Lynch suka ji tsoro shi ne a hana su aiki ko inshorar lafiya, har aka kafa doka a kan haka cikin 2008. A nan abin tsoron aure ne. In aka ji an ce gidan wane suna da ciwon gado, 'yan matan gidan ne za su fara biya, har da waɗanda ba su gaji kome ba. Don haka ba na son a tsaya ga ciwon gado a matsayin sunan abin, gama yana jin kamar hukunci a kan gida duka, kuma abin da a ke gada ba ciwon ba ne, saurin kamuwa da shi ne. In an sami lalacewar a jinin majiyyaci, ana iya auna 'yan'uwansa da 'ya'yansa da suka balaga ɗaya ɗaya, kowa da yardarsa kuma a asirce. Wanda aka tarar bai gaji abin ba ya koma sahun sauran jama'a, shi da zuriyarsa, ba ya bukatar leƙen hanji kowace shekara biyu. A gidan da maigida ke ɗauke da shi yana da 'ya'ya 20, bisa ƙiyasi wajen 10 ne za a sallama haka, sauran 10 kuma a rubuta musu ranar leƙe na farko.